Rigar Buhun Filibus

Sallama gare ku, masu bin wannan labari nawa. Wanda yau ya fara shigowa, sunana Muhsina, 'yar Malam Datti mai noman tumatir. Ƙauyenmu yana bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, ina koyar da 'yan aji uku a firamaren garinmu. Halaye biyu gare ni da Inna ta ce su za su hana ni zaman aure: karatun littattafan 'yan sanda da masu kisan kai, da kuma son kiɗan da ba na mutanen kirki ba. Na farkon da idonta ta gani. Na biyun zato take yi, kuma zaton nata daidai ne.

Littattafan a Kura nake karɓo su haya, a shagon Baballe. Da yawansu ba su da shafukan ƙarshe, ko ɓera ya ci, ko wata ta hura wuta da su. Da can haushi nake ji. Daga baya na koma zama ina gano wa kaina wanda ya yi kisan, in je in yi ta musu da Baballe a kai. Abin ya zame min ciwo. Ko nonon da ke cikin ƙwarya aka ce an sha, ni ba na faɗa, bakin kowa nake bi da kallo.

Wanda zan aura sunansa Suhaibu. Dogo ne siriri, magana ba ta dame shi ba, kullum ƙafar wandonsa a naɗe saboda shiga ruwa. Shi ƙungiyar manoman layinmu ta damƙa wa makullin ƙofar ruwa. Ku da kuke birni ba lallai ku sani ba, ruwan da ke gangaro mana daga Tiga rabonsa ake yi. Masu gonakin sama suna da ranarsu, na tsakiya suna da tasu, sannan a sakar wa mutanen Gidan Jaji, waɗanda muke kira 'yan ƙarshen ruwa. Asalinsu Maguzawa ne, yanzu wasu Kirista wasu Musulmi, kuma komai aka rage shi ke isa gare su.

Magabatan Suhaibu sun riga sun kawo gaisuwa, goro da alawa da tabarmi, sa rana kawai ya rage. Sai ranin bana ya zo da abin da ya zo da shi. Ranar ruwan 'yan Gidan Jaji ta zo, Suhaibu ya buɗe ƙofa, amma abin da ya isa gare su bai fi fitsarin akuya ba. Albasarsu tana tsaka da ƙulla kai ta yi yaushi ta kwanta. Da suka biyo kanal suna dubawa, sai suka tarar an cusa buhu a cikin kwalbatin da ke ƙarƙashin hanya. Ruwan ya dawo baya ya malala cikin gonakin da ke sama da wurin, har da ta mahaifin Suhaibu, har da tamu, da na wasu mutane da dama. Wa ke bi ta kan kwalbatin nan kullum da makulli a aljihu? Suhaibu. Aka kira shi gaban ƙungiya, ya ce, "Ni ban toshe ba." Daga nan ko da wasa bai ƙara kalma ɗaya ba.

Ranar Talata na dawo daga makaranta na tarar da Inna a bayan ɗaki tana turara shinkafa a rabin duro, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja. Ban ma cire hijabi ba ta ce, "Ranar Juma'a babanki zai aika a mayar musu da kayansu."

Na tsaya da jaka a hannu. "Kayan wa?"

"Kina da wani saurayin ne ban sani ba?"

"Inna, shi Baba da bakinsa ya ce Suhaibu ne ya toshe?"

"Cewa ya yi ba zai haɗa zuri'a da wanda ake yi wa waƙa a kasuwa ba." Ta juya muciya ta dube ni ta gefen ido. "Wai an yi masa waƙa. Ni ban ji ba. Ke za a tambaya."

Na ce ni ina zan ji. Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da tura itace. Ku da kuke da uwa kun san irin wannan uhm ɗin.

Gaskiya ban ji waƙar ba tukuna, amma na san bakin da ta fito. A bayan Bunkure akwai wani tsohon injin casar shinkafa da ya mutu, kwanon rufinsa duk ya ɓuɓɓule, in ka taka ƙasa ɓuntu ne yake nutsewa da kai. Duk ranar kasuwa bayan la'asar samarin Gidan Jaji suke taruwa a nan su yi kiɗansu. Filibus ne mai waƙa. Garaya gare shi da ya ɗaura wa waya ya haɗa da lasifikar masu tallan magani, batirin mota ke ba ta wuta, in ya kaɗa sai ta riƙa ƙara kamar ana saran kwano. Abokinsa Sallau ba shi da ganga, jarka biyu da murfin duro yake duka. Ba sa wasa kowa, ba sa roƙo. In wani ya taso zai yi masa liƙi, Filibus kaucewa yake yi ya bar shi da hannu a sama. Waƙoƙinsu gajeru ne, kafin ka gyara tsayuwa an gama an shiga wata, kuma duk a kan abin da kowa ya sani ne amma ba mai faɗa: taki da aka cakuɗa da yashi, dillalin da ke danne kwandon tumatir da gwiwa. Dattawa suna cewa hauka ce. Ni kuwa abin da nake ji a littafi shi nake ji a wurin, wani ne ya miƙe yana tambayar wa ya yi, sai dai shi da ihu yake tambaya.

Ƙanwar Inna tana soya awara a bakin wurin, 'yarta Bashira kuma ƙawata ce tun muna tallan gyaɗa. Ita ce hanyata. Washegari ranar kasuwa ce. Na sa tsohuwar atamfata mai ganyen kuka, na ɗora hijabi mai ruwan toka wanda rabin matan kasuwa ke da irinsa, na sa silifas, na ce wa Inna zan je taya su suya. Bashira ta ɗora min robar yaji a hannu don in yi kama da mai aiki.

"Yau kam da kin zauna a gida," in ji ta muna tafe. "Angonki za a yanka."

"Shi ya sa na zo. Ba a yanka da ni ba na nan."

"Ke dai Allah ya shirye ki. Wata kuka za ta zauna yi, ke kin zo bincike."

Wurin ya cika fiye da kullum. Samari sun cunkushe a gaba suna ture juna, ƙurar ɓuntu ta tashi tana shiga hanci, mu mata muna baya wajen kaskon suya. Suka yi waƙa uku da na sani. Sai Sallau ya tsaya da duka. Filibus ya ajiye garaya, ya tuɓe rigarsa, ya sunkuya ya ɗauko wani abu a bayan batir. Buhun taki ne, laka ta bushe a jikinsa, an huda masa wuya da hannuwa. Ya zura shi kamar riga. Nan take wurin ya ɗauka, don kowa ya gane buhun da aka zaro daga kwalbati ne. Ya ɗauki garaya ya fara:

Ruwa ya taso Tiga da sunana,
ya zo kwalbati aka sake masa uba.
Albasata ta mutu tana kallon hanya.
Mai makulli, ina ka kwana?

Samari suna amsawa, ina ka kwana, ina ka kwana, suna tsalle har kwanon rufi yana amsa musu. Ba zan ɓoye muku ba, waƙar ta yi daɗi. Mutumin da nake so ake tsirewa, amma ƙafata tana motsi a cikin silifas. Na daɗe ina tambayar kaina wace irin mace ce ni.

Sai Filibus ya juyo ɓangarenmu, hasken da ke shigowa ta hudar kwano ya sauka a ƙirjinsa. A nan na ga facin.

Bari in yi muku bayani. A gidanmu ba a yar da buhu. In ya yage, ni ake ba in yi masa faci, tun ina ƙarama, don kakata ta ce hannuna ya fi na kowa tsauri. Ita ta koya min in warware jan buhun albasa in yi zare da shi, in yi ɗinki da basilla sau biyu, tafiya da dawowa, ya fito kamar kitso. Ƙyallen kuwa duk abin da na samu. Facin da ke ƙirjin Filibus shuɗi ne mai layi-layi, daga tsohuwar rigata ta sakandare, an zagaye shi da jan zare kamar kitso. Har na tuna ranar da na yi shi, ina zaune a kan turmi, littafi a buɗe a cinyata.

Na ce wa zuciyata, tsaya, kada ki yi gaggawa, buhu yawo yake yi. Ana sayar da shinkafa a cikinsa, ana aronsa. Amma zuciyar ta ba ni amsa tun kafin in gama. Buhu mai faci ba ya zuwa kasuwa, dillali ba ya karɓa. A gida yake zama, a zuba masa ɓuntun shimfiɗa wa tumaki.

Bashira ta taɓa ni. "Ke, lafiya? Yaji yana zuba."

Da suka huta, Filibus ya zo sayen awara, gumi yana bin buhun yana mayar da busasshiyar lakar ɗanya. Ya san ni, ƙanwarsa tana ajina.

"Malama, ashe ke ma kina jin haukarmu."

"Ina ji. Filibus, me kuka tarar a cikin buhun nan?"

"Ɓuntu da ƙasa. An danna shi da kyau, wanda ya yi ya san aiki."

"Akwai wanda ya ga Suhaibu ya sa shi?"

Ya tura awara a baki, ya tauna, yana kallona. Ya san ko ni wace ce a wurin Suhaibu, duk yankin an sani.

"Ba wanda ya gani. Ki sake jin waƙar, Malama, ban ce shi ya sa ba. Cewa na yi ina ya kwana. Ya buɗe ruwa, ya bi ta kan kwalbatin a kan babur, hannun dama ruwa ya tumbatsa har yana hawa hanya, hannun hagu ƙwaɗo yana tafiya a ƙasa. Makaho ma zai ji a kunnensa." Ya goge hannu a jikin buhun, daidai kan ɗinkina. "Uwata ce ta dasa albasar nan, ɗaya bayan ɗaya, a durƙushe. Ki gaishe shi."

Da na koma gida na shiga ɗaki na zaro wayata daga ƙarƙashin filo, 'yar Nokia mai tocila da shi ya saya min. Tun da abin ya faru aka hana shi zuwa zance. Na rubuta: "Slm. Gobe in an tashi makaranta ina shagon Baballe. Ka zo."

Ya amsa: "Wslm Sufeto. Lfy dai?"

Sufeto yake ce min saboda littattafan. Na rubuta: "Na ga buhun."

 Na kunna tocilar na kashe, na sake kunnawa. Can wayar ta yi ƙara: "Zan zo."

Shagon Baballe ɗan ƙarami ne, littattafai a jere a kan igiya kamar shanya, ga benci ɗaya a ƙofa. Da ya ga Suhaibu ya kafe babur, sai ya tuna yana da alwala, ya ɗauki buta ya bar mu. Suhaibu ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"An ce kin je wurin 'yan garaya," ya ce. "Ta yi daɗi?"

"Ta yi."

Ya yi 'yar dariya. "Ni ma na ji ta a bakin yara. Har na kama kaina ina yi a kan babur."

"Suhaibu, buhun gidanmu ne. Ni na yi masa faci."

Bai ɗago ba. Yana ta juya makullin babur a yatsa.

"Ka ga ruwan ya dawo baya ranar?"

"Na gani."

"Ka san buhu ne?"

"Na ga lokacin da ake sa shi."

Wallahi sai na ji irin abin da nake ji in na kusa ƙarshen littafi, ina so in sani kuma ina tsoro. "Waye?"

"Ki bar shi, Muhsina."

"Ba zan bari ba. Jibi za a mayar muku da kaya a kan abin da ba ka yi ba. Gobe ma, ba jibi ba."

"Na sani. An faɗa wa Baffana ya zauna a gida bayan masallaci." Ya numfasa. "Ki ji. Tumatir yana fure, zafi ya yi yawa, furen yana zuba. Mutumin da na gani ɗin, bara bai tsira da komai ba. Na tsaya a kan babur, ya ɗago daga cikin ruwa, muka haɗa ido. Ni ban yi magana ba, shi bai yi ba. Na ce a raina, bari ya sha na rabin yini, da yamma in zo in zare, ba wanda zai sani. Da yamma na zo na kasa. In na zare, dole in kai wa ƙungiya, su tambaye ni na wa ne. In na faɗa, aurenmu ya mutu. Sai na yi shiru." Ya buɗe tafin hannunsa. "Ga shi ya mutu dai."

"Albasar uwar Filibus fa?"

Ya kau da kai zuwa hanya. Wani mai kura ya wuce da kwandunan tumatir, muka bi shi da kallo har ya sha kwana.

'Yan uwa, a nan nake so ku taya ni. Mutum ya yarda a yi masa waƙa, yara suna binsa da ina ka kwana, ya rasa mutuncinsa, duk don kada ya tona asirin gidanmu. Wace mace ce ba za ta so a so ta haka ba? Amma shi wannan son, da gonar wata tsohuwa aka biya shi, ita kuma ba a tambaye ta ba. Ina kallonsa a kan bencin nan ina jin kamar in kama hannunsa, ina kuma jin kamar ban taɓa saninsa ba. A littafi, in an gano mai laifi kowa sai ya huta. Ni ban ga alamar hutu ba.

Na ce, "Mutumin ya san ka gan shi."

"Ya sani."

"Ba za ka faɗa min sunansa ba."

"Ko a gaban alƙali." Ya miƙe ya tayar da babur. "Ki daina bincike, Sufeto. Wani abin in kin gano, ba inda za ki kai shi."

A hanyar gida na yi ta lissafi. Maza biyu ne a gidanmu ke zuwa gonar tumatir, Baba da ƙaninsa Baffa Sammani. Baffa Sammani mutum ne mai son banza, ya taɓa sayar da ragon Inna ya ce ɓata ya yi. Bara shi ma ya yi asara, don gonar ta haɗaka ce. Allah ya yafe min, har addu'a na yi ya zama shi ne. Baba kuwa, mutumin da in akuyar maƙwabta ta haihu a garkenmu shi ke ɗaukar 'ya'yan ya kai musu har gida, ban ma bari zuciyata ta tsaya a kansa ba. Na yanke shawara zan faɗa masa. Na san zai yi fushi da ƙaninsa, zai ji kunya, amma zai gyara, don haka na san shi.

Ranar Juma'a ban je makaranta ba, da hantsi na sami Baba a ɗakinsa. Ya yi wanka ya sa farar shaddarsa ta masallaci, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin, hularsa tana kan gwiwa. A gefensa an ɗaure tabarmin nan da igiya, ga huhun goro, ga ledar alawa da Inna ta cike gurbin wadda yara suka sha. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Shigo. Na san ranki ba daɗi. Ki yi haƙuri, yaron ba shi da laifi a wurina ta fuskar hali, amma abin da bakin mutane ya kama ba ya sakuwa. Allah zai kawo wani."

"Baba, ina da magana."

"Ina ji."

Na dubi tabarmar da nake kai. Na tsara maganar tun asuba, yadda zan fara da kwalbati, in zo kan Filibus, in ƙare da Baffa. Duk ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Buhun nan, ni na yi masa faci."

Na jira ya ce wane buhu. Gidanmu buhu ya fi a ƙirga, kuma ban ambaci kwalbati ba, ban ambaci ruwa ba. Kowane uba zai ce, wane buhu kuma, Uwata?

Bai ce ba. Ya ɗauki hular daga kan gwiwarsa, ya juya ta, ya mayar. Na ɗago na kalle shi, abin da ban saba yi ba, sai na ga shi ne ya kawar da ido.

"Innarki ta sani?" ya ce a hankali.

"A'a."

"Wa kika faɗa wa?"

"Shi kaɗai. Shi kuma bai faɗa min komai ba."

"Ba zai faɗa ba," in ji Baba. "Na sani ba zai faɗa ba. Shi ya sa ba na iya kallonsa."

Daga zaure muka ji sallamar Baffa Sammani, ya zo ɗaukar kayan kamar yadda aka yi da shi. Baba bai amsa ba. Ya ɗora hannu a kan huhun goron, ya rage murya har sai da na matso.

"In kayan nan suka zauna, sai a sa rana cikin watan nan. Waƙa kuma tana wucewa, wata za ta fito a manta da wannan. Maganar ta tsaya a tsakaninmu mu uku, ni da ke da yaron." Ya waiwaya wajen zaure. "Ke nake jira, Uwata. In ce ya shigo ya ɗauka, ko in ce ya tafi masallaci?"

Wato ga Suhaibu an miƙo min, a kan farashin da shi ma ya biya. In na ce su zauna, na zama ta uku a bakin kwalbatin. In na ce sai an faɗa wa mutanen Gidan Jaji gaskiya, ranar kasuwa mai zuwa sunan da za a sa a garaya na san shi, kuma ina cikin masu jin daɗin kiɗan.

Baffa ya sake yin sallama, ya ƙara da cewa rana tana yi. Hannun Baba yana kan goron, bai ɗauke ba.